Kazar Hausa da Murar Tsuntsaye: Waiwaye Daga 2006 Zuwa Yau

Muna godiya ga Allah da ya sake nuna mana zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Waiwaye adon tafiya ne, to bana waiwayen namu a kan kaji za mu yi shi.

Idan aka bi diddigin jarin yawancinmu, kaza za a tarar a gindinsa. Kaza ce ta zama akuya, akuya ta zama tunkiya, tunkiya ta zama keken ɗinki ko injin markaɗe. Da kuɗin ƙwai wasunmu ke zubin adashi, da zakara ɗaya ake sayen maganin yaro ran da maigida ba ya gari. Saboda haka duk abin da ya taɓa akurki ya taɓa asusun ƙungiya.

Akwai wata magana da muka daɗe muna ji a gidan suna da bakin kasuwa, wai murar tsuntsaye ciwon kajin turawa ne, kazar Hausa ba ruwanta. Yanzu ma har an samu masu tallar 'yan tsaki da ke cewa nasu irin ba ya kamuwa. Mace na iya zuba jarinta gaba ɗaya a kan wannan magana, shi ya sa muka ga ya kamata mu bi tarihin cutar da na binciken da aka yi a kanta, mu ga inda maganar ta yi gaskiya da inda ta kauce.

Inda cutar ta faro

Murar tsuntsaye tsohuwar cuta ce. Tun a 1878 wani likitan dabbobi a Italiya mai suna Perroncito ya bayyana wata annoba da ke share kaji, sai a 1955 aka gano ƙwayar cutar 'yar uwar murar mutane ce. Gidanta na asali jikin tsuntsayen ruwa ne na daji, irin su agwagi da dinya, waɗanda sau da yawa suke yawo da ita ba tare da ta kwantar da su ba. Iri-iri ce: akwai mai sauƙi, wadda ba ta wuce tari da raguwar ƙwai, akwai kuma mai tsanani, wadda ke iya gamawa da gidan kaji cikin kwana biyu ko uku.

Mai tsananin da ta iso mana sunanta H5N1. An fara ganinta a jikin dinya a lardin Guwandon na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hon Kon, 6 suka rasu, hukuma ta sa aka kashe kaji sama da miliyan ɗaya. A 2005 ta kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Cinhai na ƙasar Sin, daga nan ta nufo yamma, ta ratsa Rasha da Turkiyya da gabashin Turai.

Shekarar ƙidaya da husufin rana

Iyayenmu da ba sa riƙe shekarun bature za su gane 2006 idan aka ce shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, aka kuma yi husufin rana a ƙarshen watan Maris. A watan Janairu na wannan shekara, wajen Babbar Sallah, kaji suka fara zubewa a gonar Sambawa da ke Jaji, a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Kimanin 40,000 suka mutu. Aka kai samfur Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, aka kuma aika wani ɗakin gwaji a Padoba ta Italiya. Ranar 8 ga Fabrairu 2006 aka tabbatar H5N1 ce. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin Afirka, kuma Ministan Gona na lokacin, Malam Adamu Bello, shi ya yi wa ƙasa bayani.

Ba a rufa kwanaki ba aka tabbatar da ita a gonakin Kano da Filato. Kafin watan ya ƙare ta bayyana a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, dab da iyakarmu. Masu binciken da suka duba ƙwayar cutar daga jihohi daban-daban sun gano ba sau ɗaya ta shigo Najeriya ba, shigowa uku ce daban-daban a wannan shekara. Hanya biyu aka fi zargi, tsuntsayen ƙaura da ke saukowa fadamunmu da rani, kamar fadamar Haɗeja da Nguru wadda ruwan kogin nan namu ke gangarawa cikinta, da kuma fataucin kaji da 'yan tsaki.

Gwamnatin tarayya ba ta ɗauki hanyar allurar rigakafi ba, ta zaɓi a kashe kajin gidan da cutar ta shiga, a binne, a yi feshi, a biya diyya. Diyyar farko naira 250 ce kan kowace kaza, naira 1,000 kan agwagwa, 2,500 kan talo-talo, 20,000 kan jimina. Kuɗin kazar bai kai farashin kasuwa ba, don haka masu kiwo da yawa a faɗin ƙasar suka gwammace su yi maza su sayar da kajin da suka fara sanyi, su kuwa kajin suka kai cutar gaba. Daga baya an ƙara diyyar, bayan Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 don yaƙi da cutar.

Mu nan Wudil, ko wadda kazarta ko atishawa ba ta yi ba ta ji a jikinta. Gari ne na kan hanya, ga gada, ga kasuwar Juma'a da ke tara mutane daga Gaya da Garko da Dawakin Kudu har da na jihohin maƙwabta, labari kuwa ya fi mota sauri. Mutane suka ƙaurace wa nama da ƙwai, mai shayi ya rage saro, mai dafaffen ƙwai ta koma tallar gyaɗa, farashin kaza ya faɗi warwas. A Janairun 2007 wata budurwa 'yar shekara 22 ta rasu da cutar a Legas, tsoro ya sake dawowa sabo. Kafin a ga bayan wannan zagaye a 2008, cutar ta taɓa jihohi 25, kuma tsuntsaye sama da miliyan ɗaya sun mutu ko an kashe su.

Aka samu sararin shekaru, har wasu suka manta. A Janairun 2015 ta dawo ta Legas da Kano, Kano kuma tana cikin jihohin da suka fi shan wuya, asarar ƙasa baki ɗaya ta ninka ta farko. A 2021 ta sake bayyana, har hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ba da sanarwar samun ƙwayar cutar a jikin wasu masu aikin kaji a Kano da Filato.

Yadda aka yi maganar ta samu gindin zama

Masu cewa kazar Hausa ba ta kamuwa suna da abin da suka gani. A gidan gona kaji dubbai ne a rufe wuri guda, kwanon ruwa ɗaya, iska ɗaya, kuma kusan dukansu jini ɗaya ne. In cuta ta shiga, da safe sai a kwashe gawa a baro, a nuna a talabijin. Kajinmu kuwa goma ne a wannan gida, bakwai a wancan, suna warwatse a bayan gida da juji. In ɗaya ta yi sanyi, wuƙa ake sa mata kafin magariba. In biyar suka mutu, sai a ce ai farin kashi ne na hunturu, wato cutar Niyukasil da muka saba da ita, ba mai zuwa ya gaya wa malamin dabbobi. Cututtukan nan biyu kuwa sun yi kama ƙwarai, sai a ɗakin gwaji ake rarrabe su. Ke nan mutuwar kajin gona an ƙirga ta, tamu ba a ƙirga ba. A inda aka kai samfur a shekarun 2006 da 2007, an tabbatar da cutar a kajin gida masu yawo, da zabi, da agwagi, da talo-talo.

Duk da haka maganar ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma kowace mai kiwo ta san akwai uwar da 'ya'yanta ke jure zafi da yunwa da ciwo fiye da na wata. Masana ma sun bi wannan sawu shekaru da yawa.

Abin da aka tono a cikin gado

A cikin kowace ƙwayar jikin kaza akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, rabi daga zakara, rabi daga uwa. Gaɓoɓin wannan rubutu su ne ƙwayoyin gado. Su ke sa durgu ta zo da gajerun ƙafafu, shazumama ta zo da gashi a birkice, wata kuma ta zo da wuya ba gashi. Su ne kuma ke gina garkuwar jiki.

A 2002 wasu masana a Japan suka ba da rahoto kan wata ƙwayar gado mai suna Mx. Sun ce canjin harafi ɗaya a cikinta yana sa ta iya tare ƙwayar cuta a gwajin da suka yi a faranti, kuma an fi samun wannan nau'i a kajin gargajiya fiye da kajin nama na kamfani. Aka yi ta murna, aka ɗauka an gano sirrin kazar ƙauye. Da aka zo aka gwada a kan kaji masu rai da cutar mai tsanani, masu wannan nau'i ma suka mutu.

A 2010 masana a Jami'ar Albata ta Kanada suka gano wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Agwagwa tana da wata ƙwayar gado mai suna RIG-I, wadda aikinta kamar na mai gadi ne, da zarar cuta ta shigo sai ta yi kururuwa garkuwar jiki ta tashi. Kaza ba ta da ita kwata-kwata, ta Hausa ce ko ta bature. Wannan yana cikin dalilan da ke sa agwagwa ta iya ɗauke da cutar tana wankanta a bakin kogi lafiya lau, kazar da ta sha ruwa bayanta ta kwana ba ta tashi ba.

Sai kuma Fayumi, wata ƙaramar kazar gargajiya ta ƙasar Masar. Jami'ar Jihar Ayowa a Amurka ta daɗe tana riƙe da zuriyarta tare da zuriyar Legon, farar kazar nan mai yawan ƙwai, ana gwada su kafaɗa da kafaɗa. Fayumi ta fi jure Niyukasil, ta kuma fi jure murar tsuntsaye mai sauƙi. Wannan shaida ce cewa juriya ana gadonta, kuma kajin gargajiya suna da rabonsu a ciki. A 2015, lokacin da annoba mai tsanani ta jawo asarar tsuntsaye kimanin miliyan 50 a Amurka, an duba jinin 'yan ƙalilan ɗin da suka rayu a gidajen da cutar ta share. An ga alamar gado yana da hannu, amma a wurare da yawa ne na rubutun, kowanne da ɗan taimakonsa, ba a samu wata ƙwaya guda da za a nuna a ce ga maganin ba.

Baƙi da wasali

Akwai wani mataki a kan gado wanda duk wadda ta taɓa riƙe allo ko ta karanta wasiƙar ajami za ta gane shi da sauri. Baƙaƙe uku suna nan yadda suke, amma in aka sauya wasali sai karatun ya sauya. To haka rubutun gado yake. Jiki yana ɗora wasu ƙananan alamomi a kansa, ba sa canja harafi ko ɗaya, sai dai su ce a karanta wannan wuri da ƙarfi, a yi shiru a wancan. Wannan fanni shi masana ke kira efijenetik. Shi ya sa ƙwayar hanta da ƙwayar ido suke da rubutu iri ɗaya amma aiki daban.

A 2015 aka wallafa binciken da ya kwatanta waɗannan alamomi a jikin Fayumi da Legon, aka tarar sun bambanta a wurare masu yawa, har da wuraren da ke kula da garkuwar jiki. Wasu bincike sun nuna cewa zafin da ƙwai ya samu lokacin kwanci, da abin da ɗan tsako ya ci a kwanakinsa na farko, da wahalar da ya sha, duk suna taɓa wasalin. Ga mai kiwo, ma'anar ita ce iri mai kyau kaɗai ba ya isa. Kaza biyu 'yan uwa ɗaya, ɗaya ta tashi cikin ƙoshi da inuwa da ruwa mai tsabta, ɗaya cikin cunkoso da ƙishirwa, ba za su tsaya wa ciwo daidai ba. Sai dai kada a ɗora wa wannan ilimi kayan da bai ɗauka ba: babu wani abinci ko jiƙo ko hoda da aka tabbatar yana gyara wasalin kaza har ta gagari H5N1. Duk wanda ya kawo muku irin wannan a leda, ku riƙe kuɗinku.

Kajin Edinbara

Mafi nisan tafiyar da aka yi ita ce ta Cibiyar Roslin da ke kusa da Edinbara a Birtaniya, wadda ta samar da tunkiyar nan Dolly a 1996. Ƙwayar murar tsuntsaye ba ta iya hayayyafa da kanta. Kamar baƙo ne da ya zo da taɓarya ba turmi, sai ya ari na masu gida. A 2016 masana a Kwalejin Imperial ta Landan suka gano turmin da take ara a jikin kaza, wani furotin mai suna ANP32A. Sai aka ce, to a gyara bakin turmin, masu gida su ci gaba da daka, taɓaryar baƙo ta kasa shiga.

A watan Oktoba 2023 aka fitar da sakamako, kuma wanda sunansa ya zo farko a rahoton, Dokta Alewo Idoko-Akoh, ɗan Najeriya ne. An canja wurare biyu kacal a cikin furotin ɗin. Kajin suka girma lafiya, suka yi ƙwai, aka bi su sama da shekara biyu. Da aka sa musu cuta daidai yadda kaza kan gamu da ita, 9 cikin 10 ba su kamu ba. Da aka ninka yawan cutar sau 1,000, biyar cikin goma suka kamu, ƙwayar cutar kuma ta sauya kama ta koma aron wasu turame biyu da ke jikin kazar. Sannan nau'i mai sauƙi, H9N2, aka yi gwajin da shi. Waɗannan kaji suna ɗakin bincike, ba su shiga kasuwar kowace ƙasa ba, balle su iso Kano a kwali. Saboda haka in mai tallar 'yan tsaki ya ce nasa ba sa murar tsuntsaye, ya faɗi abin da masanan Edinbara ma ba su faɗa ba. Shika Brown ta Cibiyar NAPRI da ke Shika a Zariya, da Noiler, da FUNAAB Alpha ta Abeokuta, duk kaji ne masu amfani da aka tsara don ƙwai da nama da jure yanayinmu, amma kowacce na iya kamuwa.

Abin da ke hannunmu

Abu na farko shi ne irin da muka gada. Wani babban bincike na 2008 ya nuna kajin kamfanonin duniya sun rasa rabi ko fiye na bambancin gadon da kakanninsu suke da shi, saboda an daɗe ana tace su don nama da ƙwai kaɗai. Abin da ya ɓace a can yana nan a tsakar gidajen Darki da Utai da Indabo da Lajawa, a jikin durgu da shazumama da kazar Fulani. Ran da masana za su nemi juriya, irin wuraren nan za su zo. Mai son kajin zamani ta saya, Allah ya sa albarka, amma kada ta sayar da tsohon irinta kaf. A bar uwar da ta saba raya 'ya'yanta, a riƙa musayar zakara tsakanin membobi daga unguwa zuwa unguwa don kada jini ya yi ta juyawa wuri ɗaya.

Na biyu shi ne hannun mai kiwo, wanda tun 2006 shi ne ya fi ceton kaji. Kazar da aka sayo ran Juma'a, ko aka kai kasuwa ba a sayar ba aka dawo da ita, a ware ta aƙalla mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. A raba makwancin agwagi da na kaji, a raba musu kwanon ruwa, musamman mu na kusa da kogi. Kada a bar dillali ya shigo har bakin akurki da kejinsa da takalminsa. A yi wa kaji rigakafin Niyukasil kafin hunturu, akwai na Vom mai suna I-2 da ake ɗigawa a ido. Ba ya hana murar tsuntsaye, amma yana tare cutar da ta fi kashe mana kaji, kuma in kajin da aka yi wa suka fara zubewa, mun san akwai dalilin gaggawa.

In kuwa aka ga kaji suna mutuwa farat ɗaya, kai ya kumbura, jan naman kansu ya yi shuɗi, ƙafafu sun yi ja kamar jini ya kwanta, to 'yar uwa kada ki yanka, kada ki sayar, kada ki bar yara su fige. A sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma da shugabannin ƙungiya a ranar. A binne gawar da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Nama da ƙwai na lafiyayyun kaji da suka dahu sosai ba abin tsoro ba ne, zafin da ya kai digiri 70 yana kashe ƙwayar cutar.

Mun san abin da ke sa mace ta ɓoye, tsoron asara ne, tana kallon kuɗin makarantar ɗanta yana mutuwa a gabanta. Nan ne amfanin ƙungiya yake. Muna roƙon a taronmu na gaba a tattauna yadda za a ware wani abu a asusu, ko kuma kowace mai hali ta yi alkawarin budurwar kaza ɗaya, don wadda ta faɗi gaskiya ta rasa kajinta ta samu abin sake farawa. Ga 'ya'yanmu kuma, musamman mata, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan cikin garinmu, ilimin noma da kiwo na jiran masu shiga, kajin kakanninku ma suna jiran wanda zai yi bincike a kansu.

Allah ya jiƙan waɗanda muka faro tafiyar nan tare suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya sa albarka a jarinmu, ya maimaita mana. Amin.